In Aka Kira Ka Da Sunan Ofishin Haraji



Sharhinmu na yau a kan wani irin kiran waya ne, wanda ke shigowa mutum yana tsakiyar hidimarsa, a shago ko a ofis ko a gida. Mai kiran zai kama cikakken sunanka, ya ce daga hukumar tara haraji yake. Zai ce ana bin ka bashin haraji na shekara biyu, an riga an sa sunanka cikin waɗanda za a rufe wa asusun banki kafin la'asar, kuma sammacin kotu na tafe. Da ya ji numfashinka ya sauya sai ya sassauta murya, ya ce yana so ya taimake ka: ka tura kaza zuwa wannan asusun yanzu, ko ka karanto masa lambar da za ta shigo wayarka, shi kuma ya cire sunanka. Wannan mutum ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Ɓarawo ne, kuma abin da ya zo ɗauka shi ne jarinka, ko kuɗin makarantar 'ya'yanka, ko ɗan abin da ka daɗe kana tarawa.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a Nijeriya. Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu na gyaran haraji, aka tsara manyan tanade-tanadensu su fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar harajin tarayya ta FIRS kuma ta sauya suna zuwa NRS. Tun kafin ranar ta zo jita-jita ta cika WhatsApp da majalisun hira. Wasu na cewa za a riƙa yankar haraji daga duk kuɗin da ya shigo asusu, wasu na cewa za a kulle asusun duk wanda bai yi kaza ba. Sabuwar doka, sabon suna, ga jama'a ba su san takamaimai abin da ke kansu ba. Dokar ta ce wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira dubu 800 ba, babu harajin kuɗin shiga a kansa. Mutum nawa cikin masu ƙananan sana'o'i suka san haka? Mai kiran ya dogara ne da cewa ba ka sani ba.

Amma tsoron da yake amfani da shi ya girmi wannan doka. A ƙasar Hausa ba a san haraji da lallami ba. Dattawanmu suna tuna zamanin En'e, lokacin da dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida, magidanci ya sayar da hatsin da zai ci ko akuyar matarsa don ya fita kunya, Bafulatani kuma ya biya jangali a kan kowace saniya. Shi ya sa har gobe ake ambaton Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, saboda soke haraji da jangali da suka yi bayan hawansu mulki a 1979. A yau ma direban da ya ɗauko kaya daga Dawanau ko Potiskum ya san shingaye nawa zai tarar a hanya, kowa da tikitinsa, kowa da sandarsa, alhali dokar 1998 da ta jera harajin da aka amince a karɓa ta hana kafa shinge a kan titi don karɓar haraji. Da haka aka koya wa talaka cewa in an ɗaga masa murya da sunan haraji, biya ake fara yi, tambaya ta biyo baya. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ce tsagar, kuma ba talaka ne ya yi ta ba.

Don a ga yadda wannan sana'a take girma in aka ƙyale ta, bari mu leƙa abin da ya faru tsakanin Amurka da Indiya. Daga 2013 Amurkawa suka fara samun kira daga mutanen da ke cewa su jami'an IRS ne, wato hukumar harajin ƙasar. Ana ce wa mutum 'yan sanda na hanyar gidansa. In baƙo ne ɗan ci-rani, a ce za a kore shi daga ƙasar. Ana hana shi kashe wayar, a raka shi da murya har kanti, a sa shi ya sayi katunan iTunes na ɗaruruwan daloli ya karanto lambobin da ke bayansu. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da wata tsohuwa mai shekara 85 a San Diyego, wadda aka raba da dala 12,300. A watan Oktoban 2016 'yan sandan Indiya suka kai samame wasu gine-gine a yankin Thane, kusa da Mumbai, suka tarar da ma'aikata sama da 700 zaune gaban kwamfuta, suka kama 70. Matasa ne aka ɗauka aiki, aka koya musu karin harshen Amurkawa, aka ba su rubutaccen zance: abin da za su faɗa in mutum ya yi gardama, da abin da za su faɗa in ya fara kuka. A ƙarshen wannan watan Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuhumi mutum 56 da cibiyoyin kiran waya biyar na birnin Ahmedabad da ke Indiya. A 2018 aka yanke wa fiye da 20 hukunci, wanda ya fi tsanani ya kai ɗaurin shekara 20.

Abu biyu nake so mu riƙe daga wannan labari. Na farko, mai kiranka ba wani hatsabibi ba ne da ya san sirrinka. Karatu yake yi daga takarda, kuma kai ɗaya ne cikin ɗaruruwan da zai kira a ranar. Sunanka da ya kama, ko sunan shagonka, ko bankin da kake ajiya, duk abubuwa ne da ake tsinta a fom ɗin da muke cikewa a intanet, a allon shago, a rasit ɗin POS da muke yarwa a ƙasa. Ko lambar da ta fito a fuskar wayarka ba hujja ba ce, domin akwai manhajojin da ke sa kira ya fito da lambar da mai kiran ya zaɓa, sunan da Truecaller ke nunawa kuwa mutane ne ke rubuta shi. Na biyu, abin da ya taimaka aka kai ga waɗancan mutane shi ne rahoto. Ofishin da ke sa ido a kan harkar haraji a Baitulmalin Amurka ya karɓi rahoton irin wannan kira sama da miliyan 2, kuma mafi yawan masu kai rahoton ba su yi asarar ko sisi ba. Sun kashe wayar ne kawai, sannan suka faɗa.

To, yaya ofishin haraji na gaskiya yake aiki? Da takarda, kuma a hankali. In hukuma ta ga ana bin ka haraji, za ta aiko maka da takardar ƙiyasi mai ɗauke da adadin da shekarar da ake magana a kai. Doka ta ba ka kwana 30 ka rubuta cewa ba ka yarda ba. In ba ku daidaita ba akwai kotun sauraron ƙararrakin haraji. Hukumar da doka ta tilasta wa ta jira ka wata guda ba za ta ba ka minti 30 a waya ba. Sannan kuɗin haraji ba ya shiga asusun wani mutum. Ana biyan sa a banki ko ta hanyoyin da hukuma ta tanada, irin su Remita, da lambar biya da aka fitar da sunanka, a ba ka rasit. In ka sa lambar asusun da aka ba ka sai sunan wani mutum ya fito, magana ta ƙare. Haka kuma harajin kuɗin shiga na ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu hukumar jiharsa ce ke karɓa, kamar KIRS a Kano. Wanda ya kira mai shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Barci ya ce daga hedkwata a Abuja yake neman harajin kuɗin shigarsa, ya riga ya tona wa kansa asiri. Lambar shaidar mai biyan haraji kyauta ake bayarwa. Babu ma'aikacin haraji da aikinsa ke buƙatar lambar sirrin katinka, ko lambobin da ke jikin katin, ko lambar nan ta ɗan lokaci da banki ke turowa, wadda ake kira OTP. Wanda ya samu wannan lambar ya samu mabuɗin asusunka.

Wani lokaci ba da barazana suke zuwa ba, da albishir ne. A ce an cire maka haraji fiye da ƙima, gwamnati za ta mayar maka, ka ba da bayanan katinka ko ka latsa wani adireshi da aka turo. Ma'aikatan da ake cire wa haraji daga albashi da 'yan fansho su ne aka fi yi wa wannan tarko. Ƙarshensa ɗaya ne.

In irin wannan kira ya same ka, kada ka tsaya musu. Ka ce za ka je ofis da ƙafarka, ka kashe wayar. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan amsa. Kada ka sake kiran lambar don tabbatarwa, domin abokin aikinsa ne zai ɗauka ya ce shi ne oga. Ka je ofishin haraji mafi kusa, ko ka tambayi shugaban ƙungiyar kasuwarku. Kuma ka faɗa wa wani nan take, ɗanka ko matarka ko maƙwabcinka a shago. Duk wanda ya ce kada ka gaya wa kowa, ya san cewa mutum na biyu da zai ji labarin zai gane shi.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, kuɗi sun fita, to mintoci ne ke aiki. Kuɗin da aka tura yau nan take suke sauka, daga can a rarraba su zuwa wasu asusun, a cire wurin masu POS. Banki za ka fara kira, a lambar da ke bayan katinka, ko ka garzaya reshe, ka ce a toshe katin, a kuma sanar da bankin da kuɗin suka shiga don a riƙe su. Galibin bankuna suna da gajeriyar lambar da ake dannawa a rufe asusu ko da daga wayar wani ce. Ka neme ta yau ka rubuta, kada ka bari sai ranar da hannunka ke rawa. Kada ka goge komai: lambar da ta kira, lokacin kiran, saƙonnin, lambar asusun da sunan da ya fito. Da su za ka je wurin 'yan sanda, ko ofishin EFCC, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri, tana kuma da manhajar kai rahoto mai suna Eagle Eye. Ana kuma kiran hukumar sadarwa ta NCC kyauta a 622 don kai ƙorafi. In banki ya yi mako biyu bai warware ƙorafinka ba, kana da damar kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. Ba kowa ke samun kuɗinsa ba, gaskiya ke nan. Amma kowane asusu yana ɗaure da BVN ɗin wani, kowane layin waya da NIN ɗin wani, kuma dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. A nan ina jan kunnen samarinmu da ke ara wa aboki asusu a turo kuɗi a ba su ɗan wani abu: ranar bincike, sunan mai asusun ne ke fitowa.

Babban abin da ke damuna shi ne shirun da muke yi. Alhaji mai mutunci a unguwa ya gwammace ya haɗiye asarar miliyan guda da a ji an yi masa wayo. Hajiya ta ɓoye wa mijinta, tsoho ya ɓoye wa 'ya'yansa don kada su ƙwace masa waya. In mun ji labarin kuma dariya muke yi, mu ce ina wayonka. Wannan dariyar ita ke ba ɗan damfara kariya, domin lambar da ba a kai rahotonta ba gobe za ta kira wani. Wanda aka damfara bai yi laifi ba. An tsorata shi ne da abin da ya taso yana tsoro. Ku jajanta masa kamar yadda za ku jajanta wa wanda aka fasa wa shago, sannan ku raka shi banki.

Hukumomin haraji ma suna da nasu kaso. Sanarwa da Turanci a shafin intanet ba ta isa ga mai sayar da tumatir a 'Yan Kaba. Muna so mu ji jami'an NRS da na jihohi a gidajen rediyo, da Hausa da Fulatanci da Kanuri, suna faɗa ƙarara wane ne zai biya, nawa, a ina, da abin da ba za su taɓa tambayar mutum a waya ba. Muna so kowace hukuma ta fitar da lamba guda da jama'a za su kira su tabbatar, a liƙa ta a ƙofar kowace kasuwa da tasha, kuma in an kira a ɗauka. Limamai su taɓo maganar a huɗuba, shugabannin kasuwa su faɗe ta a taronsu. Sannan gwamnatocin jihohi su janye masu sanda da igiya daga kan hanyoyi, su hukunta ma'aikacin da ke karɓar kuɗi a hannu ba rasit. Muddin wanda gwamnati ta aiko yana karɓa da tsawa, jama'a ba za su iya bambance muryarsa da ta ɓarawo a waya ba.