Raddi ga mai cewa wa'adi al'adar Nasara ce

Wani malami ya tsaya gaban 'yan kasuwa a nan Daura ya ce wai da zarar ranar biya ta wuce ciniki ya mutu, mai kaya ya kwashe kayansa. Takardar gargaɗi da ƙarin kwanaki kuwa, a faɗarsa, lauyoyi ne suka kwaso mana daga Nasara don a ɗaure wa masu taurin bashi gindi.

Daga Nasara! Ashe Malam bai taɓa zama a kotun alƙali ba? Ibn Asim, wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira, ya yi bayanin i'izari da ajali a Tuhfa, littafin da har gobe alƙalanmu ke buɗewa. Alƙalin Malikiyya ba ya yanke hukunci sai ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja, ya yanka masa kwanaki, in sun ƙare ya ƙara saurara masa. Mai iko ma sai da ya jira, balle abokin ciniki. Aya ta 280 a Baƙara kuma ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Abin yana min ciwo, a ɗauki gadonmu a miƙa wa Turawa a gaban mutanen da ba za su iya musa wa malami ba.

Malam ya kafa hujja da hadisin Abu Huraira mai kiran jan biya zalunci. Ai mawadaci hadisin ya ambata. Ta yaya za ka bambance mawadaci da wanda jarinsa ya maƙale, in ba ka aika masa ba? Lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, na ga dattijo a kasuwar Mai'aduwa yana nuna wa ubangidansa takardun kaya, hannunsa na rawa, buhunansa suna tsallaken iyakar Kongolam. Wannan ne azzalumin?

Malam ya ce mai kaya zai cutu da jira. To a rubuta kwanakin tun ranar ƙulla ciniki, bakwai ko goma sha huɗu, a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta koyar. In sun cika bai gyara ba, a warware.

Batun cewa takarda tana ɓata zumunci kuwa, Malam ya tambayi wanda aka kulle wa shago ba sallama.