Hoto takwas kacal: abin da tsohuwar kyamara ta koya mini da ƴan ajina



Bara, ana cikin babban hutu, salulata ta faɗa bokitin wanki. Da ita aka tafi da hotuna fiye da dubu biyu, har da duk waɗanda na ɗauki mahaifina a shekarunsa na ƙarshe, Allah Ya jiƙansa. Da autata ta matsa sai an nuna mata kakanta, guda ɗaya tak muka samu a gidan: wani ɗan hoto baƙi da fari, yana saurayi cikin babbar riga, hannunsa bisa rediyo. A ƙasan akwatin Inna yake tun kafin a haife ni. Takarda ta yi kusan shekara 50 tana jiranmu, nawa na zamani ko biyar ba su kai ba.

Wannan hoton na kai wa wani dattijo a unguwarmu, nan Damagaram, wanda ya daɗe yana sana'ar hoto kafin salula ta rufe masa shago. So nake ya fitar mini da wani irinsa. Da ya ji labarina sai ya shiga ɗaki, ya fito da wata ƙatuwar kyamara nannaɗe cikin tsohon rawani.

Ya ce, "Mushe, in kana son hoton da zai riski jikokinka, ga ta aro. Amma takwas take ɗauka, ba ta san tara ba."

Na ce, "Baba, takwas a minti guda?"

Ya yi dariya ya ce, "Takwas a fim guda. In ka ɓata ɗaya, ya tafi ke nan."

Kyamarar ita ce Fujica GW690, ƙirar Japan, wadda aka fara fitarwa a 1978. Nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ba ta da batir, ba ta buƙatar caji, kuma ba ta auna maka haske. Faffaɗan fim take ci, wanda ake kira 120, mai faɗin santimita 6. Kamfanin Kodak ne ya fito da shi a 1901, kuma har gobe Kodak da Ilford da Foma suna yin sa. Yawan hotunan da naɗi guda ke bayarwa ya danganta da kyamarar: mai ɗaukar santimita 6 da 6 tana ba da 12, mai 6 da 7 irin su Mamiya 7 tana ba da 10, tawa mai 6 da 9 kuwa takwas. Kowane negatif ɗinta ya ninka na ƙaramin fim ɗin nan mai milimita 35 fiye da sau biyar, shi ya sa har zaren aikin hula ake iya gani a hoton.

Ga wanda zai fara, abu huɗu Baba ya koya mini, kuma su ne dukan karatun.

Na farko, saka fim. Fim ɗin 120 ba ya cikin gwangwani, takarda ce kawai take kare shi daga haske. Don haka a inuwa ake saka shi, a ja takardar har kibiyar da ke jikinta ta daidaita da alamar cikin kyamara, a rufe, a murza sai lamba 1 ta bayyana. In ya ƙare a naɗe shi tam, a liƙe bakinsa. A kiyaye shi daga zafi, a kuma riƙa goge ƙurar hunturu kafin a buɗe bayan kyamara.

Na biyu, auna nisa, wanda daga nan ne irin wannan kyamara ta samo sunanta. In ka leƙa ta ƴar tagar da ke sama, za ka ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da kake kallo ya rabu biyu. Sai ka juya zoben gilashin gaba a hankali har biyun su hau kan juna su zama ɗaya. A nan hoto zai fita tas.

Na uku, haske. Da fim mai ƙarfin 100, a tsakar rana irin tamu, ana tsuke ƙofar haske zuwa lamba 16, saurin ɗauka kuma 125. In hazo ya rufe rana a koma 11. A inuwar dogon yaro a buɗe zuwa 5.6.

Na huɗu shi ne wanda na koya da kuɗina. Tagar leƙe daban take da gilashin da ke ɗaukar hoton, saboda haka kana iya ganin komai sarai alhali murfi yana rufe da gilashin. A naɗina na farko, uku cikin takwas haka suka fito wayam. Ɗaya daga cikinsu na Inna ne, ta ci ado ta zauna tana jirana. Sauri ya haifi nawa.

To, me ya haɗa wannan da tarbiyya? Ina riƙe da ajin CM2, yara sun haura 60. Wata rana na kai kyamarar lakwal don darasin haske. Na sa kowa ya miƙa babban yatsansa, ya rufe ido ɗaya, sannan ya sauya. Suka ga yatsa yana tsalle, kuma in an matso da shi kusa tsallen ya fi yawa. Na ce musu haka kyamarar take gane nisa, tagogi biyu gare ta kamar idanunmu. Mun kuma huda kwali muka ga bishiyar tsakar lakwal ta bayyana a kife, abin da Ibn al-Haisam ya yi bayaninsa a littafinsa Kitabul Manazir shekara dubu da ta wuce.

Daga nan na ce musu, "Fim guda gare mu, hoto takwas, ajin nan duka. Ku zaɓi abin da ya cancanta."

Sati guda suna gardama. Da fari kowa kansa yake so a ɗauka. Da suka ga lissafi ba zai yi ba, sai suka fara duba abin da ke kewaye da su: rijiya, mai ƙosan bakin ƙofa, ajin zana na ƙannensu kafin damina ta kayar da shi. Wata yarinya da na yi wata biyar ban ji muryarta a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, a ɗauki Baba mai gadi. Ya tsufa, kuma ya ce ba shi da hoto ko ɗaya." Ajin ya yi tsit, kowa ya yarda. Su da kansu suka je suka gaishe shi, suka nemi izininsa, domin kyamara mai wannan girma ba a satar hoto da ita. Sai da suka jira sati shida kafin mu wanke fim ɗin da Baba mai hoto, don maganin wankin yana son ruwa mai sanyin digiri 20, kuma sai da sanyi ya shigo ruwan randa ya sauko kusa da haka.

Ra'ayina ke nan: salula ta ba ƴaƴanmu damar ɗaukar hoto ba iyaka, amma ta raba su da tsayawa su duba, su zaɓa, su nemi izini, su jira. Yaron da ya saba danna sau 30 ya goge 29 haka yake yi da jarrabawa: ya rubuta amsa tun bai gama karanta tambaya ba. Kuma dukanmu mun ga yadda hoton mutum ke yawo a WhatsApp bai san ma an ɗauke shi ba. A makarantar horar da malamai an koya mana mu yi tanadin darasi kafin mu shiga aji, domin alli kaɗan ne, lokaci ma kaɗan ne. Ƙarancin nan shi ya sa muke tunani.

Na san abin da wani zai ce: Mushe, yara suna zaune a ƙasa, littafi guda mutum uku, kai kana zancen kyamara? Gaskiya ne. Fim ba araha gare shi ba, ni ma ƙanena da ke karatu waje ne yake riƙo mini naɗi biyu ko uku in zai zo gida. An daina ƙera wannan kyamara tuntuni, tsofaffin ma sun yi tsada. Ita takardar ma gara tana ci, ruwa yana ɓatawa. Don haka ba na ce kowa ya je ya saya ba. Darasin nake so mu ɗauka, shi kuwa kyauta ne.

In za ka ba ɗanka salula ranar salla ko suna, ka ce masa takwas zai ɗauka, ba gogewa, kuma kowa sai ya tambaye shi tukuna. Da dare ku zauna ya gaya maka dalilin kowane ɗaya. A shekara, ko hoto biyu ne, a kai shago a wanke a takarda, a rubuta suna da wuri da shekara a baya, a adana cikin leda a akwatin ƙarfe. Mu malamai kuma, kowane aji ya bar wa lakwal hoto ɗaya kafin ya fita.

In akwai tsohon mai hoto a garinku, ku kai masa yara su gaishe shi, ku tambayi inda negatif ɗinsa suke. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya yi aiki da irin wannan faffaɗan fim, negatif ɗin da ya adana ne suka kai shi ga babbar lambar yabo ta Venise a 2007. Rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970 ma muna ganinta yau ne albarkacin hotunan Philippe Koudjina. Allah kaɗai Ya san abin da ke cikin kwalayen tsofaffin shagunan Maraɗi da Tawa da Damagaram.

Hoton Baba mai gadi yana rataye a ajinmu yanzu, shi ma mun ba shi nasa. Inna kuwa ta yarda ta sake zama mini ranar Juma'a mai zuwa, da sharaɗin autata ce za ta riƙe murfin a hannunta.

Allah Ya shirya mana zuri'a.