Nukiliyar Saudiyya: Ina Ya Kamata Tsoro Ya Dosa?

Titin Sultana da ke Madina yakan cika maƙil bayan sallar isha'i. Shagunan tufafi da na turare a buɗe, gidajen abinci sun cika, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana gurnani a bayan kowane gini. Ɗaliban Jami'ar Musulunci, cikinsu har da 'yan Kano da Sakkwato da Maradi, suna cikin masu zirga-zirga a wajen. Abu biyu ne ke riƙe da wannan rayuwa: lantarki da ruwa. Mafi yawan ruwan famfon Madina daga Yanbu yake zuwa, bakin Bahar Maliya, inda ake cire masa gishiri a turo shi ta bututu tafiyar fiye da kilomita 200, aikin da ke cin wuta ba kaɗan ba. Lantarkin kuwa, har yanzu Saudiyya tana ƙona ɗanyen mai a lokacin zafi don samar da wani ɓangarensa. Wannan ne ya sa mahukunta suka karkata ga nukiliya, kalmar da jin ta kawai kan sa gaban mutane ya faɗi. Tsoron yana da tushe, amma a ganina an ɗora shi inda bai dace ba. Yaƙi da ɓoye gaskiya sun fi injin tashar zama abin fargaba.

Maganar ta daɗe. A 2010 aka kafa cibiyar Sarki Abdallah ta makamashin nukiliya da makamashi mai sabuntawa, a 2011 kuma aka yi shelar gina tukwanen nukiliya 16 cikin shekara 20. Shirin bai tafi yadda aka zana ba, amma an ware wuri a Duwaihin, gaɓar Tekun Fasha kusa da iyakar Katar, don tasha ta farko. Maƙwabta kuwa sun riga sun yi nisa: tashar Baraka ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, mai tukwane huɗu da Koriya ta Kudu ta gina, tana ba da megawat 5,600, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ƙasar.

Masu adawa sukan kawo Cernobil da Fukushima, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To amma a dubi abin da ya faru a wuraren biyu. A Cernobil, a watan Afrilun 1986, tukunyar tana da aibi tun daga ƙirarta, an keta ƙa'idar aiki, sannan hukumomin Tarayyar Sobiyat suka yi gum, sai da na'urorin wata tasha a Suwidin suka shinshino tururin bayan kwana biyu kafin su amsa. A Fukushima, girgizar ƙasa da ambaliyar teku na Maris 2011 ne suka hallaka mutum wajen 18,000. Tururin nukiliyar kansa, ma'aikaci ɗaya gwamnatin Japan ta amince a 2018 cewa ya yi ajalinsa, yayin da wahalar kwashe jama'a ta ci rayuka fiye da 2,000, akasarinsu tsofaffi. Kwamitin da majalisar Japan ta kafa ya ce bala'in aikin mutum ne, domin hukumar sa ido da kamfanin da take sa wa ido sun zama bakinsu ɗaya. Darasin a fili yake: inda mai duba aiki ba ya iya ce wa mai aikin a'a, can haɗari ke kwana. A ɗaya gefen kuma, zama haka nan ma yana da nasa farashi. Hayaƙin mai da gawayi yana cikin gurɓatacciyar iskar da ke kashe miliyoyin mutane duk shekara a duniya, zafin ƙasar nan kuma ba wasa ba ne: a Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 ne suka rasu, akasari saboda zafi.

Babban abin dubawa shi ne yankin da za a kafa tashar. A Satumban 2019 an kai hari kan cibiyar mai ta Abƙaiƙ, aka tsayar da kusan rabin man da Saudiyya ke haƙowa na wani lokaci. A Maris 2022 jirage marasa matuƙa na 'yan Husi sun kai har matatar mai a Yanbu, garin da Madina ke shan ruwansa. A watan ne kuma sojojin Rasha suka mamaye tashar nukiliya ta Zaforijiya da ke Yukiren. A yaƙin Isra'ila da Iran na Yunin 2025, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA), Rafael Grossi, ya yi gargaɗin cewa bugun tashar nukiliyar Iran ta Bushehr zai iya watsa guba mai yawa, alhali ƙasashen gaɓar Tekun Fasha daga tekun suke sha. Wani zai ce Madina tana yamma, Duwaihin tana gabas, me ya haɗa su? Gaskiya ne akwai nisa. Amma Riyad daga wancan tekun take sha, kuma ƙasar da babban birninta ya shiga matsalar ruwa ba za ta karɓi miliyoyin baƙi cikin natsuwa ba.

A nan ne batun tace yuraniyom ya shigo. A 2018 Yarima Muhammad bin Salman ya ce idan Iran ta ƙera bam, Saudiyya ma za ta bi sahu, kuma mahukuntan ƙasar sun sha nanata cewa suna son tace nasu yuraniyom. Hujjarsu tana da ƙarfi: Iran ta daɗe tana tacewa, Isra'ila ba ta ma shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ba, to me zai sa a ɗaure hannun Saudiyya ita kaɗai? Ƙorafin halal ne, sai dai wuraren tacewa na Iran irin su Natanz da Fordo su ne suka sha ruwan bama-bamai a 2025. Daular Larabawa ta yafe tacewa tun 2009, tana sayen makamashinta daga waje, wutarta kuma ba ta ragu ba. Saudiyya ta yi abin yabo a 2024 da ta soke tsohon sassaucin da ke taƙaita binciken IAEA a ƙasar. Ya kamata ta ƙara da amincewa da ziyarar masu bincike ba tare da doguwar sanarwa ba, ta kuma bar hukumarta ta sa ido, wadda aka kafa a 2018, ta riƙa bayyana wa jama'a abin da ta gani.

Masu cewa hasken rana ya wadatar suna da rabin gaskiya, ga tashar Sudair mai megawat 1,500 nan tana aiki. Amma na'urorin sanyi da injinan tace ruwa ba sa hutawa da faɗuwar rana, don haka sai an sami abin da zai riƙe dare.

Mu ma maganar ta shafe mu. Ƙaramar tukunyar bincike tana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun 2004, an kuma sauya mata makamashi zuwa wanda ba ya yin bam a 2018. A Arlit ta Nijar kuwa, mahaƙar yuraniyom ta Cominak ta rufe a 2021 ta bar tudun shara mai guba kusa da gari. Najeriya ta ambaci Geregu da Itu don tashoshinta, Nijar ma tana zawarcin Rasha. Duk gwamnatin da ta zo da maganar nukiliya, a Riyad ne ko Abuja ko Yamai, a tambaye ta abu uku: wa zai sa ido, kuma yana da ikon rufe tashar? Ina za a kai sharar? Idan abu ya faru, cikin awa nawa kuma da wane harshe za a sanar da jama'a, har da baƙo da alhaji? Wadda ta amsa a fili ta cancanci a ba ta dama. Wadda ta ce sirrin gwamnati ne, kada a yarda ta aza tubali.