Mai Guduma a Ƙasa, Mai Biro a Sama: Zancen Matakan Albashi a Hukumar Binciken Ma'adinai

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk gwamnatin da ta hau mulki a ƙasar nan sai ta yi mana albishir iri ɗaya, wato zamanin man fetur ya kusa wucewa, arzikinmu na gaba yana nan kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu. Sai a shiga lissafa mana zinariyar Zamfara da Birnin Gwari, da tamar Itakpe, da kuzar Jos, da kwal ɗin Inugu, yanzu kuma an ƙara da lithiyam ɗin Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024. Duk mun ji, mun kuma tafa. Amma a cikin jawaban nan masu daɗi da wuya ka ji an tsaya an faɗi matsayin mutumin da zai shiga daji ya gano inda arzikin yake, da abin da ake biyansa, da inda zai iya kaiwa in ya ƙare rayuwarsa a kan wannan aiki. Wannan shi ne abin da muke so mu tono, domin da yawa daga cikinmu, masu karatun ilmin ƙasa da duwatsu da injiniyanci da kimiyyar sinadarai, gobe a kan wannan tsani za a ɗora mu.

Aikin binciken ma'adinai ya girmi Nijeriya kanta. Tun a 1903 da 1904 Turawan mulkin mallaka suka kafa ƙungiyoyin safiyon ma'adinai, ɗaya a Kudu ɗaya a Arewa, a 1909 aka gano kwal a yankin Udi, a 1919 kuma aka kafa sashen binciken ƙasa na Nijeriya, wanda shi ne kakan hukumar da ake kira NGSA. Bature bai yi wasa da wannan aiki ba, domin ya san wanda ya riƙe taswira shi ya riƙe dukiya. Sai dai ya tsara shi yadda ya tsara kome: shi ne mai karanta dutse, mai rubuta rahoto, mai babban albashi da gida a unguwar Turawa, baƙar fata kuwa shi ne mai ɗaukar kaya da haƙa rami. Iyayenmu ba su manta da diban gwamna ba, lokacin da aka kwashi dubban talakawan Arewa aikin tilas zuwa ramukan kuza tsakanin 1942 da 1944. Ba a kuma manta da ranar 18 ga Nuwamba 1949 ba, ranar da 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu saboda rigimar da tushenta albashi ne da haƙƙin aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake wa rabon suna, aka ce siniya sabis da juniya sabis. Da Bature ya tafi a 1960 'yan boko suka gaji kujerarsa, suka kuma gaji katangar da ya gina tsakaninsa da mai guduma.

A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamitin Jerome Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974. Daga nan aka sami tsani guda mai mataki 17 domin dukkan ma'aikatan gwamnati. Manufar tana da kyau a baki: aiki iri ɗaya, lada iri ɗaya. Rahoton ya kuma nemi a riƙa auna ma'aikaci da abin da ya aikata. Amma gwamnati ta ɗauki ƙarin albashi da ariyas ta raba a 1975, 'yan kasuwa suka ɗaga farashi, sauran shawarwarin kuwa aka bar su suna shan ƙura. Tun daga lokacin an sha sake wa jadawalin suna, an kuma ba hukumomin bincike nasu jadawali mai mataki 15, amma ginin bai sake ba. An canza wa tuwo suna ne kawai.

Ga yadda tsanin yake a aikin gwamnatin tarayya. Lebura da masinja da direba da mataimakin mai injin haƙa suna can ƙasa, a matakan da ba su wuce na 06 ba. Mai ƙaramar difloma yana shiga a mataki na 06. Mai digiri, bayan ya gama bautar ƙasa, yana shiga a mataki na 08, daga nan ya hau 09, da 10, ya tsallake zuwa 12 domin babu na 11, sannan 13 da 14. Daga mataki na 15 ya zama mataimakin darakta, a 17 ya zama cikakken darakta. Ƙa'idar aiki ta ce a matakan tsakiya sai mutum ya yi shekara 3 kafin a duba ƙarin girmansa, a matakan darakta kuwa shekara 4. In ka yi lissafi, wanda ya shiga a 08 ba zai taɓa mataki na 17 ba sai bayan shekara 26, wannan ma in bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, in kuma kullum akwai gurbi yana jiransa. Shekara 35 kawai doka ta ba shi a bakin aiki, ko kuwa ya cika shekara 60 da haihuwa.

Wannan tsani akawu aka yi wa shi. A ofis yana iya yin ma'ana, domin wanda ya daɗe yana juya fayil ya cancanci ya shugabanci masu juya fayil. Amma aikin binciken ma'adinai a daji ake yinsa. Mutum ne zai ɗauki guduma da kamfas da jakar samfur, ya bi rafi ya hau dutse tun hantsi har la'asar, ya kwana a tanti ko a zauren mai unguwa, ga maciji, ga zazzaɓi, ga 'yan bindiga a dazukan da zinariyar take. Ilmin wannan aiki a tafin ƙafa yake taruwa. Wanda ya shekara 20 yana bin duwatsun ƙasar Zazzau da Zamfara yakan ga a launin ƙasa abin da sabon ɗan jami'a ba zai gani ba ko da littafi a hannunsa. To, me tsanin nan yake yi wa irin wannan gwani? Yana ce masa in yana son albashin da zai riƙe iyali, sai ya ajiye guduma ya karɓi biro, ya koma halartar taro da sa hannu a takardar hutun ma'aikata. Ashe ladan ƙwarewa a aiki shi ne a raba ka da aikin. Ƙasa ta yi asarar masanin duwatsu na gari, sau da yawa kuma ba ta sami shugaba na gari a madadinsa ba, domin sanin dutse daban, sanin mulki daban.

Zalunci na biyu ya fi wannan muni, kuma mu 'yan jami'a ne muke cin moriyarsa, shi ya sa ba mu cika son zancensa ba. Shekara da shekaru mai babbar difloma daga kwalejin fasaha ba ya wuce mataki na 14 sai ya koma ya nemo wata takarda. A 2021 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci, amma bai sami sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Alhali kuwa a aikin bincike wane ne yake tuƙa injin da zai huda ƙasa ya fito da dutsen da ke can ciki? Wane ne yake yanka samfur, ya niƙa, ya auna a ɗakin gwaje-gwaje irin na Kaduna? Wane ne yake zana taswirar da darakta zai ɗauka zuwa taron masu jari a ƙasar waje? Mai difloma ne da mai takardar sana'a. In mai haƙa ya yi ganganci ya ruɗa jerin duwatsun da ya fitar, rahoton babban masani ya zama takardar tsire. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na uku, abin da ke cikin albashin kansa. A 1981, bayan yajin aikin gama-gari da ƙungiyar ƙwadago ta yi a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin dala 200. A 2011 ya zama naira 18,000, a 2019 naira 30,000, a 2024 naira 70,000, wadda a canjin shekarar ba ta kai dala 50 ba. Lambobi suna ta kumbura, kwanon awo yana ta ƙanƙancewa. Gaskiya ne a 2024 gwamnatin tarayya ta yi wa ma'aikatanta ƙarin kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari, amma wannan ya zo ne bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci sun riga sun yi tashin gwauron zabo. Ƙari na kashi cikin ɗari kuma yana da wata dabara da ya kamata kowa ya gane: kashi ɗaya na babban albashi ya fi kashi ɗaya na ƙarami nesa ba kusa ba, saboda haka ko an fifita na ƙasa da 'yan kashi kaɗan, ratar da ke tsakanin darakta da direbansa a kuɗin hannu ƙaruwa take yi.

Kada wani ya ce wannan kukan ma'aikata ne kawai, bai shafi talaka ba. Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasar Nijeriya yana hannun gwamnatin tarayya. Manomin da aka ga zinariya a gonarsa ba shi da ita. To, wanda ya ce shi ne mai abu, wajibi ne ya san abin da ya mallaka, idanunsa kuwa su ne waɗannan ma'aikata. In ka bar idonka da yunwa, wani zai saye shi. Kamfanin da ya zo neman lasisi yana iya ninka wa ƙwararren ma'aikaci albashinsa, ya tafi da shi tare da duk ilmin da aka tara masa da kuɗin jama'a. Sai a wayi gari mai saye ya fi mai sayarwa sanin darajar kaya, kuma kowa ya san yadda irin wannan ciniki yake ƙarewa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje suna cike da dalma. A 2015 irin wannan bala'i ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ba mu ɗora alhakin wannan a wuyan ma'aikatan bincike ba, talauci ne da sakacin mahukunta na sama. Abin da muke cewa shi ne, gane dalma a cikin dutse aiki ne da ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji yake iyawa, in akwai wanda aka tura ya ɗebo samfurin, da motar zuwa, da guzurin hanya. Ƙasar da ta raina mai awon dutse, da gawar 'ya'yanta take biyan bashin.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce babu kuɗi, kuma in aka ware wa wata hukuma tsari na musamman kowa zai ɗaga hannu, tsanin Udoji ya rushe. Ai tsanin ya daɗe da tsagewa. Likitoci suna da jadawalinsu, malaman jami'a suna da nasu, Babban Banki da kamfanin mai na ƙasa kuwa ba a ma auna su da mudun sauran ma'aikata. Wato an yarda cewa masanin duwatsun da ke neman fetur ya cancanci albashin alfarma, amma abokin karatunsa, wanda suka zauna aji ɗaya, in ya zaɓi neman tama da zinariya sai ya yi haƙuri. Da wane baki kuma za a ce mana ana so a rage dogaro da fetur? Gwamnati tana faɗin abin da take so a jawabi, amma abin da ta yi imani da shi a takardar albashi yake.

Saboda haka ga abin da muke nema. A buɗe tsani na biyu, na ƙwararru, wanda masanin duwatsu ko mai injin haƙa ko ma'aikacin ɗakin gwaji zai iya hawa har ƙololuwar albashi yana riƙe da kayan aikinsa, ba sai ya zama darakta ba. A cire rufin da aka yi wa mai difloma, a auna shi da aikin hannunsa. A riƙa biyan alawus ɗin daji kafin a tashi, daidai da wahala da haɗarin wurin, kuma ratar da ke tsakanin na shugaban tawaga da na direba da lebura ta zama 'yar kaɗan, domin maciji ba ya tambayar mataki kafin ya sari mutum. A yi wa duk mai fita daji inshorar rai wadda iyalinsa za su karɓa ba tare da zarya ba. A kuma riƙa lissafa taswirar da mutum ya kammala da rahoton da ya fitar a cikin ma'aunin ƙarin girma, kada shekaru kaɗai su zama hujja.

Sauran magana tamu ce. Gobe za a miƙa wa wasunmu takardar kama aiki a mataki na 08, a ɗora mu a kan dattijon da ya fara haƙa rami tun ba a haife mu ba. Nan ne za a gwada ko kururuwar da muke yi a dandalin jami'a ta gaskiya ce. In muka shiga ƙungiyar manyan ma'aikata muka nemi ƙari domin kanmu kaɗai, muka bar mai guduma a inda Bature ya ajiye shi, to mun zama siniya sabis ɗin da muke zagi. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta gayyato ɗaliban kwalejojin fasaha da wakilan ƙananan ma'aikata, a zauna a rubuta waɗannan buƙatu da murya ɗaya, a aika wa ma'aikatar ma'adinai da hukumar tsara albashi ta ƙasa da kwamitocin majalisa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu take.