Masanin Halayyar Ɗan Adam a Makarantun Gwamnati: Aikinsa, Iyakarsa da Buƙatarsa ga Masana Hausa

Tun a shekarar 1977 da aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a Nijeriya, an tanadi cewa makarantu za su sami jami'an shiryarwa da ba ɗalibai shawara, kuma gyare-gyaren da aka yi wa manufar daga baya sun riƙe wannan tanadi. Sai dai duk wanda ya san makarantun gwamnati a Arewa ya san yadda abin yake a aikace. Galibi wani malami ake ɗora wa aikin a kan darasinsa, ba ofis, ba horo, aikin kuma ya tsaya a taya ɗalibai zaɓen darussan jarrabawa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, makarantunmu suna buƙatar ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, kuma aikinsa ba zai yi tasiri ba sai masana harshe da al'adun Hausawa sun sa hannu.

Wannan fanni ya samo asali ne daga buƙatar makaranta. A 1896 Lightner Witmer ya buɗe cibiyar duba yara masu matsalar koyo a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka. A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka tsara gwajinsu a Faransa domin gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a aji. A Nijeriya kuwa, akan danganta farkon aikin shiryar da ɗalibai da Kwalejin St. Theresa ta Ibadan a 1959.

Ayyukan wannan masani a makaranta huɗu ne a taƙaice. Na farko shi ne gano dalilin da ya sa yaro ya kasa koyo. Yaro nawa aka yi wa laƙabi da daƙiƙi alhali kunnensa ne ba ya ji sosai, ko idonsa ba ya ganin allo, ko kuma haruffa ne ke cakuɗe masa? Na biyu shi ne taimakon malami da iyaye su fahimci ɗabi'ar yaro, domin a sami hanyar gyara da ta wuce bulala. Na uku shi ne tallafa wa ɗalibai bayan wata musiba. Na huɗu shi ne sanin iyakarsa: shi ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, don haka idan abu ya fi ƙarfinsa sai ya tura yaro asibiti, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware. Abin da ke ɗaure waɗannan ayyuka duka shi ne amana. Sirrin yaro ba ya fita daga bakinsa, sai fa idan ran yaron ko mutuncinsa na cikin haɗari.

Aiki na uku ya fi kowanne gaggawa a yau. An sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Kagara da Jangebe da Tegina a 2021, da Kuriga a 2024. Idan aka sako yara akan yi murna, a ɗauki hotuna, a miƙa su ga iyaye, daga nan kowa ya kama gabansa. Amma yaron da ya kwana a daji ƙarƙashin bindiga yakan dawo da razana da mugun mafarki da tsoron aji, haka ma abokansa da suka tsira da ƙyar. Gina katanga da ajiye mai gadi suna da amfani, sai dai ba sa cire tsoron da ya riga ya zauna a zuciyar yaro.

A nan ne maganar harshe ta shigo. Bahaushe ba ya bayyana damuwarsa da kalmomin littattafan Turawa. Yakan ce gabansa na faɗuwa, ko hankalinsa ya tashi, ko ransa ya ɓaci, ko jikinsa ya yi sanyi, kuma kowanne yana da ma'anarsa dabam. Wanda ya fassara takardar gwaji daga Ingilishi kalma bi kalma zai tattara su duka a kalma guda, ya rasa bambancin da ganewar ta dogara a kai. Haka ma ɗabi'a. A cikin Mutumin Kirki na 1974, Kirk-Greene ya lissafa kunya da haƙuri da ladabi cikin siffofin da Hausawa ke auna mutum da su. Yarinyar da ta sunkuyar da kai ta ƙi haɗa ido da babba tarbiyya take nunawa, amma ma'aunin da aka tsara a wata al'ada zai iya ɗaukar hakan alamar ciwo. A ɗaya gefen kuma, haƙurin da ake yabo yakan sa yaro ya haɗiye cutar da ake yi masa. Sai wanda ya san al'adar ciki da bai zai bambance shirun ladabi da shirun wahala.

Manazarta ba su manta da abin da aka kira Sumbuƙa ba, wanda ya auku a wasu makarantun 'yan mata a Kano a tsakiyar shekarun 1990, inda ɗalibai suka riƙa faɗuwa da fizge-fizge, jama'a kuma suka danganta abin da aljanu. Masanin da ya shiga irin wannan yanayi yana raina imanin iyaye, korar sa za a yi. Wanda kuma ya yi shiru gaba ɗaya ya ci amanar iliminsa. Hanyar da ta dace ita ce ya zauna da iyaye da malaman addini cikin mutunci, ya kuma binciki abin da ke matsa wa yaran, kamar cunkoso da yunwa da fargabar jarrabawa.

Wani zai ce makarantar da ba ta da kujeru da alli ina ta ga kuɗin ɗaukar irin wannan ƙwararre, ga shi kuma muna da iyaye da kakanni da malamai masu yi wa yara nasiha. Wannan magana tana da nauyi. Amma kaka ba za ta iya gano matsalar karatu ba, kuma wani lokaci a gidan ne ciwon yake. Game da kuɗi kuwa, ana iya farawa da masani guda a kowace hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, yana zagaya makarantu yana horar da malamai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta nuna cewa tunanin hukuma ya fara sauyawa.

Namu nauyin a bayyane yake. Kamar yadda aka samar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a littafin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da sassan ilimi da na nazarin halayyar ɗan Adam a tattara kalmomin da Bahaushe ke bayyana halin zuciyarsa da su, daga bakin yara da iyaye, tare da lura da bambancin karin harshe. Ya kamata kuma a fara da sunan ofishin kansa, domin muddin iyaye suka ji an alaƙanta shi da hauka ko taɓin hankali, ba wanda zai yarda ɗansa ya taka ƙofarsa.