Sharhi: Edge ta gaji Internet Explorer, amma darasin ya fi manhajar muhimmanci

Kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya fitar da Windows 10 a ƙasashe 190, ranar 29 ga watan Yuli na 2015. A ƙarshen watan Agusta kamfanin ya sanar cewa na'urori sama da miliyan 75 sun riga sun ɗora sabon tsarin. Duk wanda ya ɗora shi a lokacin ya tarar da sauyin da ba a saba gani ba cikin kusan shekaru 20: manhajar shiga intanet da ke buɗewa da farko, wadda masu faransanci ke kira navigateur, ta zama Microsoft Edge. A lokacin an bar mata alamar harafin "e" mai launin shuɗi don kada mutane su ɓata hanya, amma an sake injin da ke cikinta.

Yadda sarauniya ta rasa gadonta

Internet Explorer ta fito a watan Agusta na 1995, lokacin da Netscape Navigator ke riƙe da kasuwa. Microsoft ya haɗa ta da Windows kyauta, duk wanda ya sayi kwamfuta ya same ta a ciki. Wannan dabara ta kashe kasuwar Netscape, ta kuma jawo wa kamfanin shari'a da gwamnatin Amurka a 1998. Wajen 2003, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shiga intanet da ita suke aiki.

Daga nan sakaci ya shigo. Tsakanin fitowar Internet Explorer 6 a 2001 da ta 7 a 2006, shekaru biyar suka wuce. Firefox ta bayyana a 2004, Chrome ta kamfanin Google a 2008, kuma a 2012 alƙaluman StatCounter suka nuna Chrome ta sha gabanta a duniya. A Turai ma kamfanin bai sha da daɗi ba: a watan Maris na 2013 Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 561 saboda ya karya alkawarin nuna wa masu Windows jerin wasu manhajojin da za su zaɓa. Sunan Internet Explorer ya zama daidai da nawa da ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Wanke irin wannan suna ya fi sake sabo wuya, shi ya sa a watan Janairu na 2015 aka gabatar da aikin da aka laƙaba wa Spartan, a watan Afrilu kuma aka raɗa masa suna Edge.

Abin da ta zo da shi

Abubuwa uku kamfanin ya fi tallatawa. Na farko, a lokacin mutum na iya yin rubutu ko zane a kan shafin intanet da alƙalamin allo, da yatsa, ko da linzamin kwamfuta, ya adana ko ya aika wa wani. A matsayina na malami na ga amfaninsa nan take: ka ja layi ƙarƙashin sakin da kake so ɗalibi ya karanta, ka tura masa. Na biyu, ta zo da yanayin karatu da ke share tallace-tallace da tarkacen gefen shafi ya bar rubutu zalla, tare da jerin abubuwan da ka ajiye don karantawa daga baya. Na uku, an saka Cortana, mataimakiyar da ke amsa tambaya, a cikin manhajar kanta.

Sai dai sauyi mafi girma shi ne abin da aka cire. Microsoft ya ce ya zubar da layukan umarni sama da 220,000 na tsohon injin, ya kuma daina karɓar ActiveX, fasahar da ke bai wa shafin intanet damar ɗora ƙananan manhajoji kai tsaye cikin kwamfuta. Ta wannan ƙofa ƙwayoyin cuta da yawa suka riƙa shiga. Rufe ta yana nufin Edge za ta bi ƙa'idojin da sauran manhajoji ke bi, maimakon tilasta wa duniya bin nata.

Gibin da ta fito da shi a 2015 ba ƙarami ba ne. Edge ta fito ba ta karɓar ƙarin kayan aikin da masu Chrome da Firefox suka saba da su, irin masu toshe talla. A lokacin fitowarta Cortana na aiki a ƙasashe bakwai kawai: Amurka, Birtaniya, Sin, Faransa, Italiya, Jamus da Sifen. Sannan tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu ba: kwana ɗaya bayan fitowar Windows 10, shugaban Mozilla na lokacin, Chris Beard, ya rubuta wa shugaban Microsoft Satya Nadella buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana ƙorafin cewa sabon tsarin na mayar da mutane kan Edge ko da sun riga sun zaɓi wata manhajar.

Inda abin ya shafe mu

A 2015, a cikin kwamfutoci Edge ba ta aiki sai a kan Windows 10. A lokacin sabuntawar kyauta ce na shekara guda, amma ga masu halastacciyar Windows 7 ko 8.1 kawai, kuma sauke ta na cin wajen giga 3. Wanda ya san ɗakunan intanet da ofisoshinmu, daga Yamai zuwa Damagaram, ya san a lokacin yawancin kwamfutocin na hannu ne, wasu kuma a kan Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da tsaronta tun 8 ga Afrilu 2014, kuma ba ta wuce Internet Explorer 8. Akasarin matasanmu kuwa a lokacin ta salula suke shiga intanet, da Opera Mini mai matse shafuka don rage cin kuɗi. Microsoft da kansa ya ƙulla yarjejeniya a 2014 don Opera Mini ta zama manhajar ƙananan wayoyin Nokia da ya saya.

Saboda haka ranar da ta kamata a sa wa ido a lokacin ita ce 12 ga Janairu 2016. Daga ranar, Microsoft ya koma gyara tsaron sabuwar Internet Explorer kaɗai da kowace Windows ke ɗauka. Mai Windows 7 da bai koma ta 11 ba ya zauna ƙofa a buɗe. Makaranta ko ofishin da ke ajiye sakamakon jarrabawa, albashi ko bayanan marasa lafiya a irin wannan kwamfuta ya zama dole ya gyara kafin ranar, ko dai ya ɗora Internet Explorer 11, ko ya koma Firefox ko Chrome.

Akwai kuma darasi ga masu gina shafukan gwamnati da na bankuna. Koriya ta Kudu ta ɗora harkokin banki da saye ta intanet a kan ActiveX tun ƙarshen shekarun 1990. A 2015 mai fasahar ya yar da ita, kuma hukumomin ƙasar suka yi ta fafutukar raba shafukansu da ita. Dalilin haka ne ma Microsoft ya bar Internet Explorer 11 a ɓoye cikin Windows 10, don kamfanonin da tsofaffin shafukansu ba su buɗewa sai da ita.

Ƙasashenmu na mayar da rajistar ɗalibai, biyan haraji da neman takardu zuwa intanet. Duk kwangilar da za a bayar ya kamata ta ƙunshi sharaɗi bayyananne: shafin ya buɗe a kowace manhaja, kuma a gwada shi a ƙaramar salula mai raunin sadarwa kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa.