Saifar da Ta Zama Baƙuwa a Garwa

 Yau ba raddi zan yi wa kowa ba, don haka masu jiran a taɓa wane su yi haƙuri. Magana ce ta kuɗin da ke aljihun ɗan kasuwarmu idan ya tsallaka iyaka.

Kwanakin baya na raka kawuna Garwa ta ƙasar Kamaru. Mutumin yankin Sara ne, ya daɗe yana harkar hatsi da dabbobi, amma fatauncinsa duk ta arewa yake, Maigatari zuwa Damagaram. Wannan ne karonsa na farko a gabas. Yana da saifa da ya tara daga cinikinsa da mutanen Nijar, sai ya ce ai babu buƙatar mu yi canji, tunda Kamaru ma saifa suke ci. Ni ma da difilomata haka na ɗauka. Muka isa, aka yi ciniki, aka sallama, kawu ya zaro 'yan jaka goma-goma ya miƙa. Mai kaya ya juya takarda ɗaya gaba da baya, ya mayar masa, ya ce, "Alhaji, wannan ta wajenku ce. Nan ba ta ci."

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ba saifa aka rubuta a jiki ba?"

Na ce, "Ita ce, Kawu."

Ya ce, "To karatun naka ina ya tafi?"

Wallahi ban da amsa. A ƙarshe wajen ɗan canji aka kai mu, ya karɓi saifa ya ba mu saifa, ya cire ladansa a kowace takarda. Kafin mu gama wannan zirga-zirga rabin ribar da kawu ya ƙiyasta ta tafi, ga kuɗin masauki na kwana guda da ba mu shirya ba. Ban ga laifin ɗan canjin ba, sana'arsa ce, shi ma sai ya nemi mai tafiya yamma kafin ya rabu da takardun.

Da na dawo na zauna na bi diddigin abin. Ashe saifa biyu ce. Akwai ta yammacin Afirka, wadda bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar ke bugawa wa ƙasashe takwas: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Akwai kuma ta tsakiyar Afirka, ta bankin BEAC da ke Yawunde, mai ƙasashe shida, ciki har da Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya ce daidai wa daida, kowacce 655.957 ke sayen yuro ɗaya, kuma dukansu Faransa ce ta tsaya musu. Amma tun 1993 bankunan biyu suka daina karɓar takardun juna. Bayan haka, a Janairun 1994, aka karya darajar saifa da rabi. Shekara talatin ke nan da ɗoriya, mutumin Diffa da na Njamena suna riƙe da kuɗi mai suna ɗaya, daraja ɗaya, amma sai sun bi ta hannun ɗan canji. (Idan kana da takardar saifar yamma a hannu, duba kusa da lambarta za ka ga harafi. H na Nijar ne, B na Benin, K na Senegal. Wannan ma sai yanzu na sani.)

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, matsalar 'yan Faransa ce. Ruwanmu ya fi na kowa, don mu ne a tsakiya. Arewa da mu saifar yamma, gabas da mu saifar tsakiya, mu kuma muna riƙe da naira. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san rabin hayaniyar lissafin canji ce. Dabbar da ake yankawa a Birnin Kudu, da yawa daga can ta fito, kuma an biya ladan canji a kanta kafin ta hau mota. Wajen 2014 jaka ɗaya ta saifa ba ta wuce naira ɗari uku da 'yan kai ba. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, jaka ɗaya ta haura naira 2,000. A da mu ke tsallakawa mu sayo da arha, yanzu su ke shigowa su kwashi gero da masara, mu kuma mu tsaya muna kallon mudu yana hawa. Ba na zargin ɗan Nijar, kowa inda kuɗinsa ke da ƙarfi yake zuwa.

Kuma kada mu yi wa saifa dariya, don mu ma mun yi wa maƙwabta irin ta. Da aka sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, sannan aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kun tuna wahalar da muka sha a nan, ga layi a banki, ga masu POS suna sayar mana da kuɗinmu. To ku yi tunanin bafatake a Magarya ko Matamai da ya sayar da shanunsa ya karɓi tsofaffin naira, ba shi da asusu a Najeriya, ba shi da BVN. Ina zai kai su? Da yawa sun karyar da su a hannun 'yan canji don kada su tashi a tutar babu. Kotun Ƙoli ta zo a ranar 3 ga Maris ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin, amma wanda ya riga ya yi asara ya yi. Tun daga nan wasu abokan cinikinmu na can suke ɗari-ɗari da naira, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Abin da ke ba ni takaici, kakanninmu sun fi mu sauƙi a wannan fanni. Fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro da wuri suke ciniki a hanya, babu mai ce musu wurinku na Kano ne. Ko zamanin Turawa, daga 1912 kuɗi ɗaya Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya suke kashewa. Mun samu 'yanci, kowa ya buga nasa, muka kai ga naira a 1973, shi ke nan.

Na san a cikinmu akwai masu cewa maganin abin shi ne kuɗin bai ɗaya na ECOWAS, wato Eco. Ni ma na taɓa faɗin haka a taro. Yanzu na rage murya. An sa 2003, aka ɗaga zuwa 2005, aka ɗaga zuwa 2010, 2015, 2020, yanzu ana cewa 2027. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne ƙasa ta riƙe hauhawar farashi ƙasa-ƙasa, mu kuwa a 2024 mun haura kashi 30 cikin ɗari. Sannan ko gobe aka buga Eco, Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso tun Janairun 2025, Kamaru da Chadi kuma da ma ba sa ciki. Ma'ana iyakokin biyu da mutumin Jigawa ya fi tsallakawa, babu wadda Eco za ta taɓa. Duk ɗan takarar da ya zo ya ce muku ku jira Eco, ku tambaye shi wannan.

Abin da nake ganin ya kamata mu matsa a kai ƙarami ne, amma ana iya yinsa. Harkar kuɗi da canji ta gwamnatin tarayya ce, don haka aikin wakilanmu ne na Abuja, na mazaɓar Birnin Kudu da Buji, na Gwaram, da sanatanmu. A 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji sama da 4,000, ya kuma ce mai son ƙaramin lasisi, na aiki a jiha ɗaya, sai ya ajiye jarin naira miliyan 500, babba kuma biliyan 2. Wannan doka da masu dala na Legas da Abuja da Wapa aka auna ta. Ɗan canjin bakin iyaka da ke juya saifa da naira a kan tabarma, ina zai samo miliyan 500? Sai ya ci gaba da aiki ba takarda, ba rasidi, idan an ba ka jabu ba ka da inda za ka kai ƙara, shi kuma kullum yana cikin fargabar kame. Me zai hana wakilanmu su nemi a yi wani rukuni na musamman na garuruwan iyaka, mai jarin da ƙungiyar 'yan canji za ta iya haɗawa? Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana ginawa, har da reshe zuwa Dutse. Ranar da jirgi ya fara tafiya, fasinjan da ya sauka da saifa a hannun wa zai canza?

Akwai kuma tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Accra a Janairun 2022, wanda aka yi shi don ɗan kasuwa ya biya da kuɗin ƙasarsa, na can ya karɓa da nasa, ba sai an bi ta dala ba. Na tambayi 'yan kasuwarmu da dama, ban samu wanda ya taɓa jin sunansa ba. Wannan kam ba sai mun jira Abuja ba, laifinmu ne mu masu waya a hannu. Muna da data ta zagin juna daga asuba zuwa dare, amma ba mu da minti biyar na yi wa iyayenmu bayanin cewa saifar Damagaram ba ta ci a Garwa. Ni ne na farko a wannan laifi, na kuma biya.

Na rubuta takarda a kan batun lasisin garuruwan iyaka, zan kawo ta taron shugabannin matasa na mazaɓu mai zuwa mu duba tare kafin a miƙa wa wakilan. Duk wanda ke da ɗan uwa mai zuwa Maigatari, Mubi ko Gamboru, ya tambaye shi nawa ake cire masa a jaka goma, ya rubuto mana a ƙasa da sunan kasuwar da watan da abin ya faru. Da lissafin mutanenmu nake son mu je, kada a ce mana jita-jita ce.

Kawu kuwa ya ce ba zai sake taka Kamaru ba sai na biya shi ladan canjin nan. Ina kan lallashi.